Kumburin Da Ba Na Jego Ba: Dajin Mama Mai Saurin Yaɗuwa Da Ke Fakewa A Bayan Shayarwa

A Balan, kamar sauran garuruwan ƙasar Gaya da Ajingi, kumburin mama ga mai jego ba baƙon abu ba ne. Da wuya a sami gidan da ba a san shi ba: nono ya cika ya ƙi fita, maman ya yi tauri ya ɗauki zafi, zazzaɓi ya biyo baya. Tsofaffi su ce nono ne ya kwanta, a gasa da ruwan ɗumi, a ci gaba da ba yaro. Galibi kuwa da gaskiyarsu, kafin mako ya zagayo abin ya wuce.

Sai dai wannan sabo da aka yi da ciwon shi ne mafakar wata cuta da ba kasafai ake ganinta ba. Tana shigowa da irin waɗannan alamomi, a daidai wannan lokaci, amma ba gashi ba maganin ƙwayoyin cuta da ke taɓa ta. Likitoci na kiranta limfomar Burkitt. Tana cikin cututtukan daji mafi saurin girma da aka sani a jikin ɗan Adam, kuma tana cikin waɗanda suka fi jin magani. Abin da ke raba mace da mutuwa a nan shi ne yawan kwanakin da aka ɗauka kafin a ɗebi tsokar wurin a duba.

Daji ne, amma ba wanda aka saba ji ba

Sankarar mama da ake yawan wayar da kai a kanta a rediyo tana tasowa ne daga hanyoyin da nono ke bi da kuma guraben da ake sarrafa shi. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta ƙiyasta cewa sama da mata 32,000 ne suka kamu da ita a Najeriya a shekarar 2022. Limfoma kuwa asalinta daban. Daga fararen ƙwayoyin jini take tasowa, waɗanda aikinsu kare jiki, su ne ke taruwa su kumbura a hammata ko a matsematsi idan mutum ya ji rauni, abin da muke kira kaluluwa. In ɗaya daga cikinsu ta lalace ta shiga hayayyafa ba tsayawa, an sami limfoma.

Ba ta cika farawa daga mama ba. A cikin kowace cutar daji 100 da aka gano a mama, wadda ta kasance limfoma ba ta kai ɗaya ba. Ko a cikin waɗannan ma, mafi yawa wani nau'i ne mai manyan ƙwayoyi da ya fi kama matan da suka manyanta, a gefe guda. Nau'in Burkitt ne ke da halin kama mace mai ƙuruciya, mai ciki ko mai shayarwa, kuma sau da yawa ya kama maman biyu a tare. Ƙwayoyinsa na iya ninka yawansu cikin awa 24 zuwa 48. Shi ya sa kumburin da ake iya rufewa da tafin hannu ranar suna kan iya cike ƙirji kafin a yi arba'in.

Masana na ganin sauyin da mama ke yi a lokacin ciki da jego na da hannu: jini na ƙara kwarara zuwa wurin, fararen ƙwayoyin jini na yin tururuwa can don zuba kariya a cikin nonon jariri, sinadaran da ke kawo ruwan nono kuma na ƙaruwa. Amma shayarwa ba ita ke haddasa cutar ba. Hasali ma wani babban nazari da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa duk wata 12 da mace ta yi tana shayarwa na rage mata haɗarin sankarar mama da kimanin kashi 4 cikin 100.

Daga Kampala zuwa Ibadan

A Afirka aka fara gane wannan cuta. Denis Burkitt, likitan fiɗa ɗan ƙasar Ayalan da ke aiki a asibitin Mulago na Kampala a Yuganda, ya lura da yaran da ake kawowa da muƙamuƙi a kumbure, suna mutuwa cikin ɗan lokaci. A 1958 ya wallafa bayanin yara 38. A 1961 shi da abokan aikinsa biyu suka yi tafiyar kusan kilomita 16,000 a mota, asibiti zuwa asibiti a gabashi da kudancin Afirka, suna tambayar inda ake ganin ciwon. Taswirar da ta fito ta yi daidai da wuraren zafi da damshi, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 kuma Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar cuta a cikin tsokar da aka aika musu Landan daga Kampala. Ita ce ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da cutar daji a jikin mutum, kuma kusan kowane baligi a duniya na ɗauke da ita ba tare da ta cutar da shi ba.

Najeriya na da babban kaso a wannan tarihi. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, a 1963, R. J. V. Pulvertaft ya raya ƙwayoyin cutar da aka ɗauka daga jikin wani yaro ɗan shekara 11, kuma har yau ɗakunan bincike na duniya suna aiki da zuriyar waɗannan ƙwayoyi. A can ne kuma Victor Anomah Ngu, likitan fiɗa ɗan Kamaru, ya nuna yadda magani kaɗai ke narkar da ciwon, aikin da ya sa yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt.

Batun mama ya fito fili a 1967, lokacin da J. J. Shepherd da D. H. Wright suka wallafa rahoton matan Yuganda masu shekarun haihuwa da cutar ta bayyana gare su da kumburin mama biyu. Daga baya J. I. Durodola na Ibadan ya rubuta a kan masu ciki da masu shayarwa da ya gani da ita. Ke nan fiye da shekara 50 da sanin wannan fuska ta cutar, amma har yanzu ana makara wajen gane ta, domin ma'aikacin lafiya na iya gama aikinsa kaf bai ci karo da ko mace ɗaya mai ita ba.

Inda kwanaki ke zubewa

A ɗauki yarinyar da ta yi haihuwar fari, ta koma wankan gida a Balan. Mako biyu da haihuwa sai ta ce, "Inna, maman nan ya yi mini nauyi." Uwar ta taɓa ta ce, "Haka jego yake, 'yar nan, ki daure." A ƙara zafin ruwan wanka, a ƙara kunun kanwa. Tana gumi da dare har zani ya jiƙe, sai a ce ai ɗakin mai jego dole ya yi ɗumi. Tana ramewa, sai a ce yaron ne mai tsotso. Zazzaɓi kuwa, wa ya rasa shi da damina? Alamomi uku da likitoci ke nema a limfoma ke nan, zazzaɓi da gumin dare da rama, kuma kowacce jego ya tanadar mata uzuri.

Da abin ya ƙi, sai maigida ya biya kemis a haɗo magani. In ya ci tura, a kira wanzami ya yi sakiya ko ya kafa ƙaho, a jira mugunya ta fito. Ba abin da zai fito sai jini. A nan ne wani zai ce wannan ba na asibiti ba ne, jifa ne, ko kuma daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe. Wannan magana ta ƙarshe ta fi kowacce ɓarna, don ita ke hana a yarda da allurar da za ta faɗi sunan ciwon.

A asibiti ma ana iya yin asarar lokaci. Ma'aikacin da ya ga mai jego da mama a kumbure zai fara da abin da ya fi yawa, wato ciwon mama na shayarwa, ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wannan daidai ne. Kuskuren shi ne idan ta dawo ba sauƙi a sauya mata wani maganin, ta sake dawowa a sake sauyawa, har wata guda ya wuce.

Akwai kuma tarkon da ba kowa ya sani ba. Magunguna irin su deksametason da firednisolon, da ake sayarwa barkatai a kemis, wasu ma don neman ƙiba suke sha, suna sa limfoma ta sace na ɗan lokaci. Iyali su yi murna an dace da magani. Bayan kwanaki ta dawo da ƙarfinta, kuma idan aka ɗebi tsokar a wannan tsakanin, mai dubawa na iya tarar da matattun ƙwayoyi kawai, ya kasa yanke hukunci. Duk wanda ya sha irin wannan magani, wajibi ne ya faɗa wa likita.

Abin da ke bambanta su

Ciwon mama na shayarwa ya fi zuwa a makonnin farko bayan haihuwa, galibi a gefe guda, a wani yanki da ya yi ja yana zogi. Idan aka ci gaba da fitar da nono aka sha maganin da ya dace, ana ganin sauƙi cikin kwana 2 zuwa 3. Idan ya taru ya zama ƙurji, akwai mugunya, kuma da an zuƙe ta sai sauƙi ya samu.

Abubuwan da ya kamata su tayar da hankali su ne: kumburin da bai ragu ba bayan an kammala magani, ko yake ƙaruwa ana cikin shan maganin, mama biyu su kumbura su yi tauri, fatar ta miƙe tana sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗau, girman da ya wuce kima amma zogin bai kai girman ba, kaluluwa a hammata ko a wuya, cikin da ya ƙi komawa ko yake ƙara tasowa bayan haihuwa, domin cutar na kama ƙwan mace da hanji, da kuma dindiris a leɓen ƙasa ko haɓa, alamar cewa ta taɓa jijiya.

Ba limfoma kaɗai ke yin wannan shigar burtu ba. Akwai nau'in sankarar mama mai sa fata ta yi ja ta yi kauri, akwai tarin fuka da kan kama mama, akwai nonon da ke taruwa a ƙulli ba tare da wata illa ba. Ido da hannu ba sa iya raba su. Ka'idar ɗaya ce: kumburin da ya ƙi jin magani cikin mako guda, ko ƙullin da ya wuce mako biyu, yana bukatar hoto da gwajin tsoka, ko da mace na shayarwa.

Allurar da ake gudu

Matakin farko shi ne sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki. Ba ya cutar da uwa ko nono. Hoton mama na musamman da ake yi wa manyan mata ba ya nuna abu sosai a lokacin shayarwa saboda maman ya cika. A sikanin, ƙurji kan fito a matsayin aljihun ruwa. Limfoma kuwa tsoka ce, sai dai wani lokaci takan yi duhu a hoton har a zaci ruwa ne. Idan aka soka allura ba a sami mugunya ba, to ba a sallami mace da wani sabon magani ba, a tura ta gaba a ranar.

Daga Gaya zuwa Kano ta Wudil kilomita 60 ne da 'yan kai. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano akwai sashen binciken tsoka da na cututtukan jini, haka ma a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Ɗibar tsokar ba fiɗa ba ce. Mace za ta shayar da yaron ko ta tatse nonon, ta kwanta, a goge wurin, a yi allurar kashe zafi. Sai likita ya shigar da wata allura mai rami, a ji ƙarar ƙas, ta fito da siririn tsoka da bai fi tsinken ashana kauri ba. A ɗauki uku ko huɗu, a danne wurin, a rufe da filasta. Cikin rabin awa an gama, ta tashi da ƙafarta. Allurar ba ta yaɗa cutar. Abin da ke sa a ga kamar ta yaɗa shi ne yawancin mata ba sa yarda a yi sai ciwon ya riga ya yi nisa.

Tsokar ana jefa ta nan take a kwalba mai sinadarin fomalin. Sau da yawa ɗan'uwan marar lafiya ake miƙa wa kwalbar ya kai ɗakin gwaji, don haka ya sani: ba a zuba ta a ruwa, ba a barin ta ta bushe, ba a kwana da ita a gida ana jiran kuɗi su haɗu ba tare da an sanar da ma'aikata ba. Haka nan duk asibitin da ya tsaga mama da zaton ƙurji ne ya tarar da tsoka, kada ya zubar, ya aika a duba.

A ɗakin gwaji ana daskarar da ita cikin wani kaki na musamman, a yanka ta fiye da takarda siranta, a rina, a ɗora a madubin likita. Limfomar Burkitt na da kamanni sananne: ƙwayoyi masu shuɗin duhu cunkushe, da ɗigo-ɗigon haske a tsakaninsu, abin da likitoci ke kamantawa da taurari a sararin sama. Don tabbatarwa sai an ƙara wani rini da ke nuna alamomin da ke jikin ƙwayoyin, kamar CD20 da CD10, da kuma Ki-67 mai auna saurin hayayyafa, wanda a wannan cuta yakan kusan kai 100 bisa 100. Tushen ɓarnar shi ne wani yanki na ƙwayar gado mai suna MYC da ke barin mazauninsa a sandar gado ta 8 ya manne galibi a ta 14, sai umarnin hayayyafa ya kasa kashewa. Shi kuwa rini na biyun da aka ambata ba ko'ina ake yin sa ba, kuma yana da tsada, amma shi ke hana a yi wa limfoma maganin sankarar mama. Likitan da ya rubuta "gaggawa, ana zargin limfoma" a takardar, ya kuma buga waya ɗakin gwajin, ya rage wa mace kwanakin jira.

Da sakamako ya fito, ana duba iyakar inda cutar ta kai: gwajin jini da na ƙoda, hoton ƙirji da ciki, ɗibar ɓargo daga ƙashin ƙugu, da ruwan laka daga gadon baya, domin tana son shiga ƙwaƙwalwa. Ana kuma gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, wadda ke ƙara haɗarin kamuwa da ita, da na ciwon hanta.

Ba a yanke maman

Tsoron a yanke mama na cikin manyan dalilan da ke sa mata ɓoye ciwo. A limfoma yankan ba shi da amfani, jinkiri kawai yake jawowa, domin cuta ce ta jini. Maganinta shi ne haɗin magunguna masu ƙarfi ta jijiya, irin su saiklofosfamaid da binkiristin da doksorubisin da metotireksat, da rituksimab ga wanda ya samu, sannan a zuba wani a ruwan laka. Cikin kwanaki kaɗan ana iya ganin maman ya sace.

Wannan saurin ma na da nasa haɗari. Ƙwayoyin da suka mutu lokaci guda suna zubar da sinadarai cikin jini da za su iya tsayar da ƙoda ko zuciya. Shi ya sa ake kwantar da mace a fara da ƙarin ruwa da alofurinol, ana auna jininta a kai a kai. Ba magani ba ne da za a karɓa a koma gida a ranar farko. A ƙasashen da ke da kayan aiki, kusan 9 cikin 10 na yaran da suka kamu suna warkewa, matasan manya ma mafi yawansu suna tashi. A Afirka adadin ya yi ƙasa sosai, saboda zuwa a makare, da tsadar magani, da kuma daina zuwa bayan zagaye na farko ko na biyu da zarar kumburi ya ɓace. Ɓacewar kumburi ba warkewa ba ce. Cutar da ta dawo bayan an katse magani ta fi wuyar sha'ani nesa ba kusa ba.

Makomar jariri

Daji ba ya bin nono ya kama yaro, don haka uwa na iya ci gaba da shayarwa a lokacin bincike. Amma ranar da za a fara magani, shayarwa ta tsaya. Durodola ya bayar da rahoto a 1979 kan wata mai jego da ta ci gaba da ba da nono tana karɓar saiklofosfamaid, inda ƙwayoyin jinin jaririnta, wanda bai cika wata guda ba, suka ragu cikin kwanaki. Akwai ƙwayar da likita ke bayarwa don tsayar da ruwan nono.

Yaye na dole ga jaririn wata ɗaya ko biyu a ƙauye babbar barazana ce, don haka a shirya masa kafin a fara. In akwai 'yar'uwa mai goyo da za ta karɓe shi, a yi mata gwajin jini tukuna, a kuma sanar da dangi, tun da shayarwa na haramta aure tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya. In madarar gwangwani ce, sai da tafasasshen ruwa da kofi mai tsabta. Madarar shanu da koko ba abincin ɗan ƙasa da wata 6 ba ne.

Nauyin da ke kan kowa

Kuɗi ne ke karya yawancin iyalai: na mota, na gwaji, na magani, da na zaman jinya a birni. Asusun tallafa wa masu cutar daji na gwamnatin tarayya, da ya fara aiki a 2021, ya soma ne da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, a asibitoci 6 da suka haɗa da na Shika. Yana da kyau iyali su nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya tun ranar farko su ji abin da za su iya samu, su kuma bincika rajistarsu a hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano.

Amma kaso mafi girma na jinkirin ba kuɗi ke jawo shi ba. Ungozoma da ke zuwa wanka kullum ita ce ta fi kowa ganin ko kumburi na ƙaruwa. Mai kemis na iya cewa, "Malam, wannan ya wuce ni, ku tafi babban asibitin Gaya." Ma'aikaciyar ƙaramin asibiti na iya ba mai jego ranar dawowa bayan kwana 3, ta auna maman da tef ta rubuta, in bai ragu ba ta ba da takardar turawa. Maigida kuwa shi ke da izinin fita da kuɗin mota, kuma ba sai an yi arba'in ake kai mai jego asibiti ba. Cikin matan da za a tura ta wannan hanya, mafi yawa za su dawo da labarin cewa ƙurji ne ko nono ne ya taru, sun yi asarar kuɗin mota da yini guda. Ɗayar da ta rage, wannan yinin ne zai sa a fara mata magani tun cutar ba ta kai ɓargo da ƙwaƙwalwa ba.